Daga waken Kalaba zuwa kwalbar piya-piya: magungunan da ke ƙara ƙarfin saƙon jijiya

A kantin magani na manyan asibitoci akwai wata ƙwaya mai suna piridostigmin, wadda ake ba masu ciwon raunin tsoka. A kasuwannin Maraɗi, Garwa ko Njamena kuwa, akwai ƴan kwalaben maganin ƙwari da jama'a ke kira piya-piya, waɗanda ake fesa wa sauro da kuɗin cizo, wasu ma har su zuba a buhun wake. Waɗannan abubuwa biyu wuri ɗaya suke taɓawa a jikin ɗan Adam. Abin da ya raba su shi ne yawan abin da ya shiga jiki, da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya saki.

Yadda saƙo ke tsallakawa

Jijiyar da ke ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa ba ta manne da tsokar da take wa umarnin ba. Akwai ɗan siririn giɓi a tsakaninsu, wanda ido ba ya gani. Idan saƙo ya iso ƙarshen jijiya, sai ta saki wani sinadari mai suna asetilkolin. Shi ne ke tsallaka giɓin, ya zauna a kan wasu ƙofofi na musamman da ke jikin tsoka, nan take tsokar ta motsa.

Wani masani mai suna Otto Loewi ne ya tabbatar da haka a shekarar 1921 a birnin Graz na ƙasar Ostiriya. Ya ɗauki zuciyar kwaɗo guda biyu, ya motsa jijiyar ɗaya har bugunta ya ragu, sannan ya ɗebi ruwan da ke kewaye da ita ya zuba wa ta biyun. Ita ma bugunta ya ragu. A 1936 aka ba shi kyautar Nobel tare da Henry Dale na Ingila, wanda tun 1914 ya bayyana ayyukan wannan sinadari.

Ƙofofin da asetilkolin ke zama a kansu iri biyu ne. Na farko, da ake kira nikotinik saboda nikotin ɗin taba ma yana buɗe su, su ne ke kan tsokokin hannu, ƙafa da na numfashi. Na biyu, muskarinik, suna cikin zuciya, hanji, mafitsara, huhu, ido da wuraren da ke fitar da yawu, gumi da hawaye. Idan aka buɗe su bugun zuciya yakan ragu, hanji ya motsa, yawu ya zubo, ɗigon baƙin da ke tsakiyar ido ya tsuke.

Saƙon da ya isa dole ne a share shi, domin na gaba ya samu wuri. Wannan aikin wani sinadari ne mai suna kolinesteras, wanda ke farfasa dubban ƙwayoyin asetilkolin a cikin daƙiƙa ɗaya. Shi ne mai sharar wurin. Don haka hanya biyu ce ake ƙara ƙarfin saƙo: ko a ba da maganin da ke kwaikwayon asetilkolin ya buɗe ƙofofin da kansa, ko kuma a ɗaure hannun mai shara, sinadarin ya taru.

Waken da ya fito daga Kalaba

Maganin farko na ɗaure mai shara daga Afirka ta Yamma ya fito. A yankin Kalaba da ke kudu maso gabashin Najeriya, kusa da iyakar Kamaru, akwai wani wake mai dafi da Efik ke kira esere. A da can ana ba wanda ake zargi da maita shi ya sha: in ya amayar ya rayu, a ce ba shi da laifi, in ya mutu, a ce gaskiya ta kama shi. An kai waken birnin Edinbara na Sikotilan, inda wani likita, Robert Christison, ya gwada shi a kan kansa a 1855, ya sha da ƙyar. A 1864 aka ware sinadarin da ke cikinsa, aka sa masa suna fisostigmin. A littattafan Faransanci har yau ana kiransa da sunan da aka ciro daga esere.

Daga wannan wake ne aka samu dangin magunguna da asibitoci ke aiki da su a yau.

Na farko shi ne ciwon miyasteniya, inda garkuwar jiki ke juyowa ta lalata ƙofofin da ke kan tsoka. Mai shi yakan tashi da ƙarfi da safe, kafin yamma fatar ido ta faɗo, gani ya rabu biyu, tauna da haɗiya su yi wuya. A 1934 wata likita a Landan, Mary Walker, ta yi wa wata mai wannan ciwo allurar fisostigmin, ƙarfinta ya dawo na ɗan lokaci. Yau piridostigmin ake bayarwa, wanda aka fi sani da sunan Mestinon. Aikinsa na ƴan sa'o'i ne, shi ya sa ake shan sa sau da yawa a yini.

Na biyu a ɗakin tiyata ne. Masu sa barci sukan yi wa majinyaci allurar da ke sassauta tsoka gaba ɗaya. Idan an gama aiki, sai a ba shi neyostigmin domin tsokokin numfashi su farfaɗo. Wannan allura tana kuma taimakawa a cizon wasu nau'o'in gamsheƙa da dafinsu ke toshe ƙofofin tsoka, amma ba ta maye gurbin allurar kashe dafi, kuma ba ta da amfani a cizon kububuwa, wadda dafinta jini yake hana daskarewa.

Na uku shi ne hawan jinin ido. Pilokarpin, da ake samu daga ganyen wata bishiya ta Barazil, yana cikin masu kwaikwayon asetilkolin. Ɗigonsa na tsuke tsakiyar ido, ya buɗe hanyar da ruwan cikin ido ke fita. Sababbin magunguna sun sha gabansa, amma ana komawa gare shi a wasu lokutan gaggawa.

Na huɗu shi ne ciwon mantuwa na tsufa, wato Alzheimer, inda jijiyoyin ƙwaƙwalwa masu sakin asetilkolin ke mutuwa a hankali. Donepezil, wanda Amurka ta amince da shi a 1996, da ribastigmin da galantamin, sukan ɗan inganta tunani ga wasu na wani lokaci. Ba sa tsayar da ciwon. Sukan kawo tashin zuciya, zawo da raguwar bugun zuciya har tsoho ya faɗi, don haka mai ciwon zuciya, asma ko gyambon ciki sai likita ya duba shi da kyau kafin ya fara.

Idan ɗaurin bai kwance ba

Ban da pilokarpin, duk waɗannan magunguna suna riƙe mai shara ne na sa'o'i, sannan su sake shi. Akwai wani dangi da ke manne masa ya ƙi saki, sai jiki ya yi kwanaki ko makonni yana ƙera sabo. Su ne ake kira organofosfat. A Jamus, wani masanin haɗa sinadarai mai suna Gerhard Schrader yana neman maganin ƙwari ne ya gano tabun a 1936, sannan sarin a 1938, waɗanda suka zama makaman guba. Sarin ɗin ne aka saki a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo a 1995.

Ƴan uwansu marasa ƙarfi kamarsu ne ke gonakin auduga, wake da kayan lambu: kulorpirifos, dimetowat, profenofos da dikulorbos, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba, kuma shi ne ke cikin Sniper da yawancin piya-piya. Suna shiga jiki ta baki, ta numfashi, har ta fata, musamman idan manomi ya jiƙe da gumi ya tuɓe riga yana feshi.

A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan dikulorbos da aka samu a cikinsa. A 2019 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa bayan yawaitar masu shan sa don kashe kansu. Ƙasashen Sahel irin su Nijar da Cadi suna da kwamitin haɗin gwiwa na tantance magungunan ƙwari mai mazauni a Bamako, a ƙarƙashin CILSS. Sai dai kwalba ba ta tsayawa a kan iyaka. Takan isa ƙauye an juye ta cikin robar lemo ba rubutu, ko kuma rubutun yana cikin harshen da mai saye ba ya karantawa.

Alamomin gubar ba wasu ba ne illa ayyukan asetilkolin da suka wuce kima: dalalar yawu, gumi, hawaye, amai, zawo, tsakiyar ido ya tsuke kamar bakin allura, tsoka na rawa ƙarƙashin fata. Abin da ke kisa shi ne numfashi, domin majina takan cika huhu a daidai lokacin da tsokokin ƙirji ke gajiya.

Abin da ya kamata a yi

A fitar da mutum zuwa iska, a cire masa tufafin da suka jiƙe, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, mai taimakon kuma ya kare hannunsa. A kwantar da shi a gefen hagu. Kada a tilasta masa amai, kada a ɗura masa madara ko manja, domin suna iya sarƙe shi su gangara huhu. A garzaya asibiti tare da kwalbar.

Babban makami a asibiti shi ne atropin, wanda ke toshe ƙofofin muskarinik. Ana maimaita allurar har sai ƙirji ya bushe, wani lokaci sai an fasa kwalabe masu yawa. Atropin ba ya dawo da ƙarfin tsoka, shi ya sa wasu ke buƙatar iskar oksijin ko na'urar numfashi. Akwai kuma pralidoksim, mai ƙoƙarin kwance mai shara idan an ba da shi da wuri. Rauni na iya dawowa kwana 1 zuwa 4 bayan mutum ya ji sauƙi, don haka gaggawar komawa gida kuskure ne.

Atropin na cikin sinadaran da ke cikin zaƙami, kuma maye da zaƙami kishiyar gubar piya-piya ce: baki ya bushe, ido ya buɗe, jiki ya yi zafi, hankali ya gushe. Likitoci kan warware shi da fisostigmin, ɗan waken Kalaba, domin yana iya shiga ƙwaƙwalwa. Amma babu mai iya auna ƙarfin da ke cikin ƴaƴan zaƙami a gida, kuma ba wa mai guba shi ƙara masa wata guba ce.

Ga mai ajiye wake, akwai buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, da tukunya ko durom mai rufewa ruf, waɗanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska ba tare da an zuba komai ba. Maganin feshi kuwa a bar shi cikin kwalbarsa ta asali, a kulle shi nesa da abinci da hannun yara.