Yadda Tsakuwar Matsarmama Take Narkewa

Yau za mu yi magana a kan tsakuwar da takan fito cikin matsarmama, wadda waɗansu ke kira maɗaciya. Duk wanda ya taɓa fiɗar rago ya san ta. Ita ce 'yar koriyar jakar nan da ke manne da hanta, wadda mahauci yakan cire a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama. Mutum ma yana da tasa, a gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari.

Hanta ce ke yin ruwan ɗacin, wajen rabin lita ko fi a kowace rana. Matsarmama ajiya kawai take yi. In ka ci abinci mai maiƙo sai ta matse, ta zuba ruwan cikin hanji, ya taimaka wajen narkar da man.

A cikin ruwan nan akwai wani irin kitse da likitoci ke kira kolestarol. Kun san mai da ruwa ba sa haɗuwa. To, yaya aka yi kitse ya zauna cikin ruwa? Ku tuna da mace mai wanke tukunyar miya. Ruwa kaɗai ba ya fid da maiƙo, sai ta sa sabulu. Haka hanta take zuba nata sabulun, watau gishirin matsarmama da wani abu da ake kira lesitin. Su ne ke kewaye kitsen, su rarraba shi mitsi-mitsi, ya bi ruwa.

Amma sabulun yana da iyaka. In kitsen ya fi ƙarfinsa, sai ragowar ta kwanta, kamar yadda sukari ke kwantawa a gindin kofi in an cika shi cikin shayi. A kwana a tashi ƙwayoyin su haɗu su zama tsakuwa, wata kamar ƙwayar gero, wata har ta kai ƙwan zabo. An fi samunta ga mata, musamman masu yawan haihuwa, da masu ƙiba, da wanda ya rame farat ɗaya.

Narkewarta kuwa, hanyar da ta zo ita za ta koma. In ka ƙara shayin da ba sukari cikin kofin nan, wanda ya kwanta zai narke. Haka tsakuwa ba ta narkewa sai ruwan da ke kewaye da ita ya sami wurin ɗaukar ƙarin kitse. A shekarar 1972 likitocin asibitin Mayo a Amurka suka nuna ana iya yin haka da ƙwayar magani. A 1975 kuma likitoci a Japan suka nuna amfanin wani da ya fi shi sauƙi a jiki, wanda yanzu ake kira ursodiyol. Yana rage kitsen da hanta ke zubawa, sa'an nan ruwan ya riƙa cin bayan tsakuwar kaɗan kaɗan.

Aikin fa na haƙuri ne. Tsakuwa takan ragu da kamar milimita 1 a wata, saboda haka ana shan maganin kullum, wata 6 har shekara 2. Ya fi yi wa ƙanana aiki. Wadda ta wuce santimita 1 da rabi da wuya ta narke. Bayan an daina sha kuma, wajen rabin mutanen takan dawo musu cikin shekara 5. Don haka ne likita ya fi son cire matsarmamar ga wanda ciwo ya matsa wa, kuma mutum yana zamansa lafiya ba tare da ita ba.

Ku lura da wannan, domin ya shafe mu a nan ƙasar. Ba kowace tsakuwa ce ta kitse ba. Masu ciwon sikila sukan yi wata baƙa, wadda ke fitowa daga launin jinin da ke yawan fashewa. Wannan maganin ba ya taɓa ta. Haka kuma wadda ta yi ɓawon alli.

Wani dattijo ya taɓa kawo mini kwalba cike da korayen dunƙule masu laushi, ya ce tsakuwarsa ce ta fito bayan ya sha man zaitun da lemun tsami. Ban ji daɗin ɓata masa murna ba, amma man ne ya dunƙule cikin hanjinsa. Abin da ka sha ciki yake zuwa, ya wuce hanji, ba ya shiga matsarmama ya wanke ta. Ko maganin likita sai ya bi jini ya je hanta tukuna.

Tsakuwar da ba ta ciwo yawanci ƙyale ta ake yi. Amma in ciwo mai tsanani ya kama ka a gefen dama bayan cin maiƙo, yana harbawa kafaɗa, ka zo mu tura ka a ɗauki hoton ciki. In kuwa da zazzaɓi, ko amai, ko idanu sun yi shawara, kada a tsaya dispensa. A wuce babban asibiti a ranar.