Injin Niƙan Dutse da Karatun Injiniya a Ƙasar Ma'adinai

Yankin Agwada, da ke Ƙaramar Hukumar Kokona kusa da Keffi, yana cikin ɓangaren Jihar Nasarawa da haƙar ma'adinai ta daɗe tana ciyar da jama'a, kuma tun da kasuwar litiyam ta buɗe, wato ma'adinin da ake yin baturan waya da na motocin lantarki da shi, harkar ta ƙara haɓaka a yammacin jihar, har aka ƙaddamar da masana'antar sarrafa shi a Ƙaramar Hukumar Nasarawa mai maƙwabtaka a watan Mayun 2024. Wannan aiki kuwa a kan injuna yake tafiya, tun daga injin fasa dutse da na niƙa har zuwa famfon da ke zuƙe ruwa daga rami da janaretan dizal, kuma ɗalibin fannin injiniyan injuna shi ake koya wa zana su da ƙera su da kula da su.

Ɗorewa, wadda ya kamata ta shiga karatun wannan ɗalibi, kamar yadda rahoton hukumar Brundtland ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya fayyace ta a 1987, ita ce biyan buƙatun mutanen yau ba tare da tauye wa na baya damar biyan nasu ba. A wurin injiniya ma'anarta ta fi haka kusa da hannu, domin tambayoyi ne da ake aunawa: man da inji zai sha a tsawon rayuwarsa, ruwan da zai gurɓata, ƙurar da mai aiki zai shaƙa, da inda ƙarfensa zai ƙare idan ya mutu. Wannan lissafi, daga haƙo ƙarfen har zuwa narkar da shi a sake amfani da shi, masana ke kira nazarin zagayen rayuwar na'ura.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa hujja. Masu neman zinare sun riƙa kai dutse cikin gari suna niƙa shi a bushe da injinan niƙan hatsi, alhali dutsen yana ɗauke da dalma, sai ƙurar ta kwanta a tsakar gida da daɓen ɗakuna, inda yara masu rarrafe ke dafa ƙasa su kai hannu baki, har aka rasa yara fiye da 400. Idan da ma'aunin littafin aji kaɗai za a bi, injinan nan ba su da laifi, tunda sun niƙa dutsen ya yi laushi kuma da araha. Daga cikin gyaran da aka ba da shawara a kai akwai niƙa da ruwa domin kashe ƙura da fitar da aikin bayan gari, kuma na farkon aikin mai zana inji ne tsantsa. Dutsen Nasarawa daban ne, amma ƙurar silika da ke tashi daga fasa duwatsu tana taurara huhu sannu a hankali, cutar da ba ta warkewa.

Ƙofar gyara karatun injiniya a buɗe take. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a Disambar 2022 ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta, sannan a 2023 hukumar COREN mai yi wa injiniyoyi rajista ta samu matakin farko na shiga Yarjejeniyar Washington, wadda ke buƙatar ɗalibi ya iya auna tasirin aikinsa ga muhalli da al'umma. Hanya mafi sauƙi, kuma mafi ƙarancin amfani, ita ce a ƙara darasi guda kan ɗorewa a shekarar ƙarshe, a haddace, a rubuta jarrabawa, a manta. Abin da ya fi dacewa da tsangayar injiniya ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Gudi, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin Nasarawa, shi ne batun ɗorewa ya shiga cikin lissafin kowane darasi. A darasin zafi da makamashi ɗalibi ya auna janareta da kansa, ya ga cewa fiye da rabin ƙarfin man yana salwanta a matsayin zafi ta salansa da jikin inji. A darasin zane a rage masa maki idan ya zaɓi boris ko bel da makaniki ba zai samu a kasuwar Keffi ba, domin injin da ba ya gyaruwa kayan 'yan gwangwan ne tun yana sabo.

Shirin SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu ya kafa a 1973 domin ɗalibai su yi watanni suna koyon aiki, zai iya kai su bakin ramuka irin na Kokona maimakon ofisoshin Abuja, muddin an tanadi kayan kariya da mai sa ido. Cikas ɗin a bayyane yake, tunda na'urorin auna ƙura da hayaƙi suna da tsada, kuma yawancin malaman a tsohuwar manhaja suka yi karatu, sai an sake horar da su. Sai dai tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, mai injin da kansa ya fara lissafin kowace lita, yana kuma neman wanda zai gaya masa girman famfon sola da zai ɗauki ruwan raminsa a damina.