Tukunyar Lantarki Mai Ɗumama Gida: Wayarta da Kuɗinta

A ƙarshen shekarar 2024 an yi wata 'yar rigima a gidanmu, kuma tukunya ce ta jawo ta. Yayana da ke karatu a arewacin Ingila ya aiko wa Baba cewa kuɗin da aka tura masa sun ƙare tun wata bai raba ba, wai lantarki ya cinye. Baba ya ce shi bai taɓa jin inda ƙwan fitila ya ci kuɗin abincin mutum ba, lalle yaron nan ya kama wata hanya. Ni kuwa a zangon nan ne aka koya mana lissafin wutar lantarki a ajin kimiyya, sai na roƙi Yaya ya aiko mini da hoton tukunyar da takardar kuɗin wutarsa, na zauna da fensir. Abin da na gano shi nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Sanyin can ba irin hunturunmu ba ne da za a hura gawayi a kasko da asuba, hantsi ya yi a manta. Wata da watanni ake yi ana ɗari, saboda haka gidajensu suna da tukunya mai dafa ruwa. Wani ɗan famfo yana tura ruwan zafin ta cikin bututu zuwa wasu faffaɗan ƙarafa masu rami da aka kafa a bangon kowane ɗaki. Ƙarfen ya yi zafi ya ɗumama ɗakin, ruwan ya huce ya koma tukunya, a sake dafa shi. Yawancin gidaje da iskar gas suke dafawa. Gidan da Yaya ya kama haya kuwa bututun gas bai kai shi ba, don haka tasa ta lantarki ce. Cikinta ba wani abin mamaki, irin ƙarfen nan ne na cikin butar shayi ta lantarki, sai dai ƙato. Ba ta hayaƙi, ba ta bukatar bututun fitar da shi, kuma babu tsoron iskar nan mai kisa da gawayi kan fitar a ɗakin da aka rufe. Wannan kam abin yabo ne.

A jikinta an rubuta kilowat 9, wato wat 9,000. Daga wannan lamba komai ya fito.

Mu fara da waya. Ƙarfin wutar gida a Ingila bolt 230 ne, kamar namu, kuma filoginsu mai ƙafa uku shi ne namu. Malaminmu ya koya mana cewa in ka raba wat da bolt, za ka sami yawan wutar da ke bi ta cikin waya, wadda ake aunawa da amfiya. To, 9,000 a raba da 230 ya ba da amfiya 39 da ɗan ɗoriya. Wanda ya buɗe filogin dutsen guga a gida zai ga ɗan fis a ciki, mafi girmansa amfiya 13. Ashe tukunyar nan tana jan ninki uku na iyakar abin da filogi zai ɗauka. Kuma zafin da waya ke yi ba ninki uku zai zama ba, ninki tara ne, domin yawan wutar ake bugawa da kansa. Wanda ya yi wayo ya cire fis ya sa guntun waya a madadinsa, roba za ta narke a cikin bango inda ido ba ya gani, sai dai a ji ƙauri.

Saboda haka ba a sa wa irin wannan tukunya filogi sam. Waya tata ta kanta ake ja mata tun daga akwatin rarraba wuta na gida, ba ta tarayya da kowa. Wayar soket kaurinta milimita 2.5 murabba'i ne, ta tukunya mai kilowat 9 kuwa yawanci 10 ake sa mata, har ma fiye in tafiyar da nisa ko an binne ta inda zafi ba zai fita ba. A kan layin akwai makunni mai yanke kansa in wuta ta yi yawa, da wata na'ura mai yankewa nan take in wuta ta fara zurarewa ta jikin ƙarfe ko ta jikin mutum, da kuma wayar ƙasa. Tun 2005 dokar gine-gine ta Ingila ta ce jan sabon layi irin wannan sai dai ƙwararre mai rajista ya yi, ko a sanar da hukuma ta zo ta duba.

Akwai kuma babban fis na bakin mita, wanda na kamfanin wuta ne, mai gida ba shi da ikon taɓa shi. Yakan zama amfiya 60, ko 80, ko 100. A gida mai 60, in tukunya ta ɗauki 39, saura 21 ke nan ga murhun girki da injin wanki da sauransu. In kuwa wani ya shiga wanka da shawa mai dafa ruwa da lantarki, wadda ita ma takan kai kilowat 9, lissafi ya zarce 60.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ya dami Baba. Yunit ɗaya, irin wanda muke saya a katin mita, shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Tukunyar ba ta ci yini cur, tana da ma'aunin zafi da ke kashe ta in ɗaki ya ɗumama. Amma a ce in an tattara ta yi awa 6 a rana, yunit 54 ke nan. Daga Oktoba zuwa Disamba 2024, hukumar Ofgem mai kula da farashin makamashi a Birtaniya ta ƙayyade yunit ɗin lantarki a kan kwabo 24.5 na kuɗinsu, kwabo 100 ne fam ɗaya. Da na buga, sai ga fam 13 da kwabo 23 a rana, kusan fam 397 a kwana 30. Ban ma sa fitila da girki ba.

Na sake yin lissafin da gas. Tukunyar gas ta zamani tana asarar kamar kashi ɗaya cikin goma na zafinta, don haka sai ta ƙone yunit 60 kafin ta ba da zafin 54. Amma yunit ɗin gas a lokacin kwabo 6.24 ne. Wata guda fam 112 ne da ɗan ɗoriya. Mai gidan hayar ya gaya wa Yaya cewa tukunyar lantarki ba ta asarar komai, duk wutar da ta sha zafi take zama. Gaskiya ya faɗa, sai dai ya bar rabin maganar a aljihu: farashin yunit ɗin ya kusa ninka na gas sau huɗu. Shi ya ci arahar saye da kafawa, ɗan haya ya ɗauki kuɗin wuta.

Akwai tsarin da suke kira Economy 7 tun 1978, mai rage farashi na awa bakwai cikin dare. Amma na rana yakan ƙaru, don haka ba ya amfanar mai irin wannan tukunya sai in yana da babban tanki da zai tara zafin dare ya ci da rana. Gidan Yaya ba shi da tankin.

Na kai wa Baba takardar bayan sallar isha'i. Ya sa tabarau, ya ce in sake bugawa a gabansa, na sake. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Wato ruwa yake dafawa da kuɗina.” Na ce, “I, Baba, amma in bai dafa ba sanyi zai kwantar da shi.” Washegari ya tura kuɗin, tare da saƙon cewa a rufe ƙarfen ɗakin da ba a kwana a ciki, a kuma riƙa sa rigar sanyi biyu. Yaya ya bi, kuɗin watan Janairu suka ragu. Da wa'adin hayar ya cika ya koma gida mai gas.