Yadda Ake Gina Katanga a Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa buga wasan kwamfuta ko ya kalli katun ya ga gidajen da babu maginin da ya taɓa ɗora musu bulo. An yi su ne da manhajar zane irin su Blender, wadda ake saukewa kyauta. Tayar da katangar ba wuya: ka ja akwati, ka miƙe shi, shi ke nan. Aikin yana wajen sa ido ya yarda cewa katanga ce, domin wadda ɗan koyo ya fara yi takan fito sumul kamar roba.

Gobe da safe, kafin a buga ƙararrawa, ku dubi bangon ajinku lokacin da rana ke bugunsa daga gefe. Za ku ga tudu da kwari, sawun cokalin magini, tsaga, da inda fenti ya ɓare. Kowanne yana da 'yar inuwarsa, kuma inuwar nan ce ke gaya wa ido cewa wurin yana da kaushi.

To, me zai hana a sassaƙa kowane gurbi? Kwamfuta tana haɗa kowace siffa ne da ƙananan alwatika. Bango sumul alwatika biyu sun ishe shi, amma idan aka ce sai an fitar da kowace ƙwayar yashi, za a ci miliyoyi, kwamfutar ta cije. Saboda haka masana suka nemo dabaru.

Ta farko ita ce shimfiɗa hoton bango na gaske a kan siffar. Edwin Catmull ya bayyana wannan hanya a 1974 a Jami'ar Utah da ke Amurka. Sai dai a ɗauki hoton a inuwa ko ranar da ake da gajimare, in ba haka ba inuwar cikin hoton za ta yi karo da hasken da aka kunna a manhajar.

Ta biyu Jim Blinn ne ya fito da ita a 1978. Ana ba kwamfuta hoto baƙi da fari: fari tudu, baƙi kwari. Ba ta taɓa siffar bangon, lissafin yadda haske ke sauka a kansa kawai take sauyawa, sai ido ya ga kaushi. Asirin yakan tonu a gefen bangon, wanda yake nan miƙe kamar rula.

Ta uku kuwa tana tura fuskar bangon da gaske, tudu ya fito, kwari ya loɓa. Ta fi kama da gaskiya, amma tana cin alwatika da yawa, don haka akan bar ta ga bangon da ke kusa da kyamara. Bayan haka sai a daidaita ƙyalli: fentin mai yana sheƙi, yaɓen laka ba ya yi.

Saura matsala ɗaya. Idan aka jera hoto ɗaya a doguwar katanga, tsaga ɗaya za ta maimaita kanta sau goma, kowa ya gane. Maganinta shi ne lissafin da Ken Perlin ya ƙirƙira bayan ya yi aiki a fim ɗin Tron na 1982, wanda ke watsa dabbare-dabbare marasa maimaici. Ya samu lambar yabon Oscar a kansa a 1997.

Duk da haka, manhaja ba ta san cewa gindin katangar laka ya fi duhu saboda tsartsuwar ruwan sama ba, ko cewa ƙarƙashin indararo akwai zanen da ruwa ya bari. Mai zane ne zai gaya mata. Don haka mai son koyon wannan sana'a ya fara da kallon bangon unguwarsu da idon basira. In ya gama aikinsa, ya kawo hasken ta gefe kamar ranar safiya: idan inuwa ta fito yadda take a bangon ajinsu, ya kama hanya.