Tsaunin Tigidit: jajayen duwatsun hanyar Agadas, da yadda ake yini a cikinsu a koma gida lafiya

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Damagaram zuwa Agadas, ta Tanut da Aderbissinat, ya san wurin da muke son yin magana a kai yau. Ana cikin tafiya bisa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, sai kwatsam hanya ta gangara, ka waiga ka ga katangar dutsi ta miƙe gabas da yamma, wani wuri ja, wani wuri rawaya, wani wuri baƙi ƙirin kamar an ƙona. Shi ne tsaunin Tigidit. Samarinmu masu zuwa Arlit, Aljeriya da wuraren haƙar zinariya suna wuce shi ta tagar mota, su ɗauki hoto da salula su turo. Makiyayanmu kuwa, masu hawa arewa da damina don lasar gishiri a Ingal, da ƙafa suka san shi. Yanzu kuma ga wasu ƴan uwa da ke dawowa hutu suna tambaya ko mutum zai iya zuwa ya yini yana yawo a ciki. Zai iya, amma da sharuɗɗa.

Da farko, Tigidit ba dogon tsauni ba ne irin Bagzam, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2022. Gefen tudu ne da ya karye. Ya yi lanƙwasa kamar baka a kudancin Agadas, tsawonsa ya fi kilomita 100, fuskarsa na kallon arewa, wajen filin Irhazer. Mu da ke tahowa daga kudu, ta Tadaras, bisa kansa muke tafiya ba mu sani ba, sai mun iso baki. Ruwan sama ya tsattsaga bakin nan ya yi kwazazzabai, wasu faffaɗa, wasu kuma ƙunƙuntattu da raƙumi ba ya juyawa a ciki.

To daga ina launin nan ya fito? Ku dubi tsohuwar hauya ko galma da aka manta a gona damina ta wuce a kanta. Tsatsar da ta yi ja, ita ce dai a jikin dutsin nan. Akwai ƙarfe ɗan kaɗan cikin yumɓu da rairayi, in ya haɗu da iska sai ya yi tsatsa, ya rina ƙasar duka. Inda tsatsar ta bushe sosai sai ta ba da ja, har ya kai ga shunayya. Inda ta sha ruwa sai ta koma rawaya ko ruwan ƙasa. Inda kuma laka ta kwanta ƙarƙashin ruwa mara motsi, iska ba ta same ta ba, sai ta tsaya toka-toka ko kore-kore. Baƙin da kuke gani a saman duwatsu kuwa fata ce kawai, sirirya, da ƙura da raɓa da rana suka shafa masa a hankali cikin dubban shekaru. In dutsin ya fashe za ku tarar cikinsa haske ne.

Abin da ya sa launin ya jeru hawa-hawa, kamar an shimfiɗa tabarmi bisa juna, shi ne kowane hawa da zamaninsa. Na ƙasa jan yumɓu ne da koguna da tafkuna suka ajiye. Na sama rairayin gulbi ne da ya dunƙule ya zama dutsi mai tauri. Mai haƙar rijiya a nan Bader Gula ya san wannan karatu ba tare da lakkol ba: yana sauka yana ratsa rairayi, ya sami jar ƙasa, ya sami fara, ya sami dutsi. Bambancin kawai, a Tigidit Allah ya buɗe rijiyar ta gefe, kowa na iya gani a tsaye. Kuma da yake yumɓun ƙasa ya fi laushi, ruwa na cinye shi tukuna, dutsin sama ya rasa abin dogara ya rufto. Manyan duwatsun da ke zube a gindin tsaunin ta haka suka sauko, kuma har gobe suna saukowa. Shi ya sa ba a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin dutsin da ya leƙo, komai daɗin inuwarsa.

Cikin jan yumɓun nan ne ake samun ƙasusuwan manyan dabbobin da ake kira dinozor. A shekarar 1997 wani masani ɗan Amurka, Paul Sereno na jami'ar Shikago, da ayarinsa suka tono wata ƙatuwar dabba mai dogon wuya a yankin, tsawonta wajen mita 20. A 1999 aka raɗa mata suna Jobaria tiguidensis: rabin sunan daga Jobar, wata halitta ta tatsuniyoyin Abzinawa, rabin kuma daga Tigidit. Masana sun ƙiyasta shekarunta sun haura miliyan 130. Akwai kuma kututturan itatuwa da suka zama dutsi, har zanen ɓawonsu na nan, a wurin da yau sai ƙaya da ciyawa. Wanda ya je Yamai zai iya ganin irin waɗannan ƙasusuwa na ƙasarmu a gidan tarihi na Bubu Hama.

Mu mutanen Dakwaro akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. A gindin tsaunin akwai garin Marandet, inda masu bincike suka tarar da dubban ƴan tukwanen narka jan ƙarfe, alamar tsohuwar sana'a da kasuwa. Masana tarihi da dama na ganin shi ne Maranda da marubutan Larabawa suka ambata tun ƙarni na 9, kuma suna danganta shi da Gobirawa, waɗanda labarin kaka da kakanni ya ce daga Abzin suka gangaro kudu har suka zauna Birnin Lalle. Birnin Lalle kuwa ga shi nan cikin gundumarmu. Ke nan hanyar da makiyayi ke bi yau zuwa arewa, wasu kakanninmu sun bi ta zuwa kudu.

Yanzu batun tafiyar kanta, kuma nan ne nake son a saurara da kyau.

Lokacinta daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, a manta da zancen. Dutsi na riƙe zafi ya mayar maka da shi ta ƙasa da ta gefe, cikin kwazazzabo kuma iska ba ta shiga. Ko cikin sanyin ma a tashi bayan sallar asuba, a yi mafi yawan tafiya kafin ƙarfe 11, a nemi inuwar itace a huta har la'asar ta gabato. Wannan bai rage ka da komai ba, don da hantsi da yamma ne launin ke fitowa sosai; da tsakar rana duk ya kan dusashe, in kuma akwai hazo sai ka ga kamar an lulluɓe shi da toka. Mutumin da ya saba yin kilomita 4 ko 5 a awa bisa hanyar kasuwa, cikin tsakuwa da hawa da gangara rabin haka zai yi. A ganina kilomita 12 zuwa 15 sun ishi baƙo a yini. Ƙa'ida mai sauƙi: in ruwanka ya kai rabi, juya, ko da abin da kake son gani yana gabanka.

Ruwa kuwa kada ya gaza lita 5 ga kowane mutum, ban da wanda aka bari cikin jarka a mota. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun ba a ji ƙishirwa ba. Gumi na tafiya da gishirin jiki, don haka a riƙe ƙullin SRO na likita, ko a haɗa da hannu: lita 1 ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Guzuri irin namu ya wadatar, dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, cuku. Rawani ko malafa, riga mai dogon hannu, da takalmi rufaffe. Silifa ba ta hawan dutsi, kuma kububuwa da kunama a ƙarƙashin duwatsu suke kwana. Kada a tura hannu ramin da ido bai gani ba. In abokin tafiya ya fara ciwon kai da jiri, a zaunar da shi a inuwa a ba shi ruwa. In ya fara sambatu, jikinsa ya yi zafi rau, ko yana tangaɗi, wannan ya wuce gajiya: a jiƙa masa tufafi, a yi masa fifita, a nufi likita nan take. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki.

Abin da ya fi ruɗin baƙo shi ne ambaliya. Kana iya tsayawa cikin kori busasshe, sama tangaran ba ko gajimare, alhali an yi ruwa can bisa tudu inda ba ka gani ba. Ƙasar ba ta shan ruwa, duk sai ya taru ya biyo kwazazzabo ɗaya da laka da duwatsu. Mutanen Agadas ba su manta da farkon Satumbar 2009 ba, da korin Telwa ya fasa ya rushe gidaje masu yawa. A Amurka ma, a watan Agusta 1997, mutum 11 masu yawon buɗe ido sun mutu cikin kwazazzabon Antelope a jihar Arizona, ruwan da ya ci su a nesa aka yi shi. Can fa akwai jirage masu saukar ungulu da ma'aikatan ceto. Mu nan sai Allah sai wanda ke kusa da kai. Da damina, wato daidai lokacin da jama'a ke hawa Ingal, ba a zango cikin kori, ba a kwana ciki, ba a ajiye mota ciki.

Sai jagora. Wasu samari na ganin taswirar salula ta isa. Rezo na ɗaukewa da zarar an bar babbar hanya, batir na mutuwa, kwazazzaban kuma duk kama suke da juna in rana ta karkata. A ɗauki ɗan ƙasa, Ba'abzine ko Bafillace da ke kiwo a wurin, wanda ya san rijiyoyi da mashiga, a yi ciniki da shi tun kafin a tashi, a biya shi haƙƙinsa. A tafi aƙalla mutum uku, don in ɗaya ya ji ciwo wani ya zauna da shi wani ya nemo taimako. A gaya wa na gida inda aka nufa da lokacin dawowa. Game da tsaro kuwa, halin da ake ciki na canzawa, akwai ƴan fashi a wasu hanyoyin arewa. Kafin a bar kwalta a je wurin jandarma da ma'aikatar magajin gari, a Aderbissinat ko Ingal, a ji ta bakinsu. In sun ce kada a shiga, shi ke nan, a haƙura sai wani lokaci. Ƴan uwan da ke riƙe da fasfo na wata ƙasa, ko masu tahowa da baƙi Turawa, su nemi izinin hukuma tun daga Agadas.

Wanda ya ci karo da ƙashi ko dutsin itace ko tsohuwar tukunya, ya ɗauki hoto, ya bar abin inda yake. Ƙasarmu na da doka tun 1997 da ta kare kayan tarihi, fitar da su waje ba izini laifi ne. Ban da haka, ƙashin da aka ciro daga mazauninsa ya rasa rabin amfaninsa, don hawan ƙasar da yake kwance ciki shi ne ke gaya wa masana zamaninsa. A shaida wa maigari ko magajin gari mafi kusa, tare da kwatancen wurin.