Motar da ake tadawa da baki daga cikin ɗaki: a san abin da ake saye kafin a biya

Duk wanda ya taɓa barin mota a bakin kasuwa cikin watan Afrilu ko Mayu, a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, ya san abin da ke jiran shi in ya dawo. Zafi a waje ya wuce digiri 40, cikin motar kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Sitiyari ba ya taɓuwa, kujera sai an shimfiɗa mata zane, in da yara sai an buɗe ƙofofi an jira iska ya shiga. Shi ya sa in aka ce wa ɗan kasuwa akwai motar da mutum ke tadawa yana zaune a shago ko a ɗaki, da talho ko ma da maganar baki kawai, ta kunna sanyi ta jira shi, tilas ya tsaya ya saurara.

Abin gaskiya ne, ba tatsuniya ba. Amma tun da motocin da ake kawo mana daga Amurka da Turai ta tashoshin ruwa sun fara zuwa da irin waɗannan kaya, kuma mai sayarwa na iya ƙara kuɗi saboda su, ya kamata Alhaji da Hajiya su san yadda abin ke aiki, da wanda ke riƙe da linzaminsa, kada a yi cinikin biri a sama.

Sanyi ya haifi dabarar

Ba don zafi aka ƙirƙiro na'urar ba. A Kanada da arewacin Amurka, inda ƙanƙara ke daskarewa a kan gilashin mota, mutane sun daɗe suna sa wata ƴar na'ura da ke tada inji daga nesa don motar ta ɗumama kafin su fito. Da farko ɗan makulli ne mai maɓalli, kamar abin canza tashar talabijin: ka danna daga taga, motar ta tashi. Ƙofofi na nan a kulle, in wani ya shiga ya taka birki ba tare da makulli ba sai injin ya mutu, in ba a zo ba kuma yakan kashe kansa bayan minti 10 zuwa 15.

A shekarar 2009 kamfanin da ke yin na'urorin Viper ya fito da manhajar da ke tada mota ta talho, ko da mai ita yana wani gari. A 2014 kamfanin Amazon ya fara sayar da wani ɗan akwati da ake ajiyewa a ɗaki, mai jin magana yana amsawa, wanda ake kira da sunan Alexa. Google ma ya fito da nasa a 2016. A wannan shekarar kamfanin Hyundai ya haɗa motocinsa da Alexa, Ford ya biyo baya a 2017. Daga nan mutum na iya cewa akwatin ya tada mota, ya faɗi lambar sirri, motar ta tashi a waje.

Masu son abin ba su tsaya nan ba. Sun haɗa motar da sauran kayan gida: fitilu, ƙofar gareji, na'urar sanyi, tukunyar shayi. Da kalma ɗaya ta safe fitila ta kama, ƙofa ta buɗe, mota ta tashi. Wasu ma sukan tsara ta tashi da kanta da ƙarfe bakwai kowace ranar aiki.

Ƴan aike biyar tsakanin baki da inji

Wanda ya gani zai ɗauka akwatin ɗaki ne ke magana da motar kai tsaye. Ba haka ba ne. Mu kwatanta da ƴar kasuwar da ke son aika saƙo wurin mai kawo mata kaya, amma sai saƙon ya bi ta hannun mutum biyar.

Na farko shi ne akwatin da ke jin maganar, kuma yana bukatar kuran. Na biyu intanet ɗin gidan, wanda ke ɗaukar muryar ya fita da ita. Na uku manyan kwamfutocin Amazon ko Google da ke wata ƙasa, su ne ke fahimtar abin da aka faɗa. Na huɗu kwamfutar kamfanin motar, wadda ke duba ko mai maganar yana cikin rajista kuma ya biya. Na biyar rezon talho, wanda ke kai umurnin ga wani ƙaramin akwati mai layi da ke ɓoye cikin motar. Sai bayan duk wannan injin ke tashi.

In ɗaya daga cikinsu ya yi barci, saƙo bai isa ba. An ɗauke kuran, shiru. Intanet ya yanke, shiru. Motar na inda babu rezo, shiru. Daga cikin biyar ɗin nan kuma, na farko ne kaɗai mai motar ya mallaka. Sauran na wasu ne, kuma suna iya janye hannu ranar da suka ga dama.

Motar taka ce, makullin na haya

An ga haka a fili. A shekarar 2022 manyan kamfanonin talho na Amurka suka rufe tsohon rezonsu na 3G: AT&T a watan Fabrairu, Verizon a ƙarshen Disamba. Motoci masu ɗimbin yawa da aka ƙera da akwatin 3G suka wayi gari ba sa jin talho. Inji lafiya lau, amma tadawa daga nesa ta mutu. Wasu kamfanoni sun canza wa mutane akwatin, wasu suka ce sai an biya, wasu motocin kuwa an bar su haka.

Kafin nan, a ƙarshen 2021, masu wasu motocin Toyota a Amurka sun gano cewa in wa'adin kyauta ya cika, tada mota daga nesa, har da wanda ake yi da ɗan makullin hannu, na iya tsayawa sai an biya dalar Amurka 8 a wata ko 80 a shekara, wato sama da jaka 45 na sefa a canjin lokacin. Mutane suka yi ca, kamfanin ya ce zai sake duba tsarin. Galibin kamfanoni haka suke yi da manhajar talho: ƴan shekaru kyauta, daga nan sai abonma, kamar na tashoshin talabijin.

A watan Oktoba na 2023 kuma, kamfanin Mazda ya sa aka cire wata hanya da wani mai sha'awa ya rubuta kyauta, wadda ke haɗa motocinsa da Home Assistant, manhajar da mutane da yawa ke sarrafa kayan gidajensu da ita. Waɗanda suka tsara gidansu a kan wannan hanya suka rasa ta dare ɗaya. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya taɓa kama shagon haya ya gyara, ya yi fenti, mai shago ya zo ya ce a tashi, ya san wannan zafin.

Ɓarawon da ba ya fasa gilashi

Duk ƙofar da aka buɗe wa mai mota ta intanet, wani ma na iya neman shiga ta nan. A 2015 wasu masana biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suka shiga kwamfutar wata Jeep Cherokee daga nesa, tana tafe bisa babbar hanya, suka hana ta gudu. Kamfanin Fiat Chrysler ya kira motoci miliyan 1.4 don gyara. A 2019 wani kamfanin bincike na Ingila ya gano ɓaraka a manhajojin na'urorin Viper da Pandora, wadda ta shafi motoci kusan miliyan 3. A 2024 wasu masu bincike suka nuna cewa da lambar mota kawai suna iya gano inda wata Kia take, su buɗe ta, su tada ta. An toshe waɗannan ɓarakoki bayan an sanar da kamfanonin, amma sun nuna cewa makullin da ke yawo a intanet ba kamar wanda ke ƙulle a bakin zane ba ne.

Akwatin ɗakin shi ma ba ya tantance mai gida da baƙo yadda ya kamata. A 2017 wani tallan Burger King a talabijin ya sa akwatunan Google da ke gidajen mutane a Amurka suka kama magana, don sun ji an kira su. Dalilin sa lambar sirri ke nan. To amma lambar da ake faɗa da baki a tsakar gida, gaban yara, ƴan aiki da maƙwabta, kwana nawa za ta yi tana sirri? Ga ɗan kasuwar da ke barin kuɗi ko haja cikin mota, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce.

Hayaƙin da ba shi da wari

Haɗarin da ya fi girma shi ne na rai. Injin mota na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, irin wadda ke kashe iyali in an kwana da gurup a wuri rufaffe. A 2018 jaridar New York Times ta ƙirga mutum 28 da suka mutu da wasu 45 da suka jikkata a Amurka tun daga 2006, saboda motoci masu tashi da maɓalli da aka manta suna aiki cikin garejin da ke manne da gida. Waɗancan mantuwa ce ta direba. Ina ga motar da aka tsara ta tashi da kanta da safe, alhali jiya an shigar da ita gareji an rufe, ko tana gindin tagar ɗakin da yara ke barci?

Mota mai giyar hannu ita ma tana da nata. In an bar ta cikin giya aka tada ta daga nesa, zabura za ta yi gaba babu kowa a ciki. Shi ya sa kamfanoni galibi a motoci masu otomatik suke sa wannan na'ura. A unguwanninmu, inda yara ke wasa kewaye da mota, awaki na kwana ƙarƙashinta, wanda zai tada inji ya kamata idonsa ya ga motar.

Sai lissafin mai. Hukumar albarkatun ƙasa ta Kanada ta ƙiyasta cewa inji mai lita 3 na shan kusan kashi ɗaya cikin uku na lita duk minti 10 da ya yi yana aiki a tsaye. Wanda ke yin haka sau biyu a rana ya ƙone wajen lita 18 a wata, motar ba ta yi ko taku ɗaya ba, kuma in an kunna sanyi shan ya fi haka.

Abin da ke aiki a nan da wanda ba ya aiki

Motar da aka ƙera don kasuwar Amurka, layin da ke cikinta na kamfanin talhon can ne, kuma yarjejeniyar aikin galibi ba ta wuce Amurka da Kanada ba. In ta sauka a Nijar, maɓallin na nan, hoton na nan a allo, amma ɗan aike na biyar ba ya nan. Akwatin magana kuma yana jin Faransanci da Turanci da Larabci, amma Alexa ba ta karɓar umurni da Hausa.

Abin da ya fi tabbas shi ne tsohuwar hanya: ɗan makullin hannu da ke magana da motar kai tsaye, ba intanet, ba kuran, sai ɗan batir. Ga wanda shagonsa ke kallon motarsa, wannan ya wadatar. Akwai kuma akwatunan da ake saye a ɗaura, a sa masu layin nan gida. Su ma ta kwamfutar wani kamfani na waje suke bi, kuma ɗaurinsu na bukatar ƙwararren mai gyaran wayoyin mota. Wasu masu ɗauri sukan ɓoye makulli na biyu cikin motar don su yaudari na'urar hana sata. Ke nan an ajiye wa ɓarawo makulli, sai dai ya nemo shi. Ɗaurin da ba a yi da kyau ba kuma na tsotse batir cikin dare.

Tambayoyi kafin a ƙirga kuɗi

Wanda aka yi wa tayin irin wannan mota, ko aka ce za a ɗaura mashi na'urar, ya yi abin da ya saba yi in zai sayi buhun gero: ya sa hannu ya duba har ƙasa. A gwada a gabansa, a wurin, da talhonsa, ba da bidiyon da aka ɗauko daga waje ba. Ya tambaya: ana biyan abonma, nawa ne, kuma wa ake biya? An cire sunan tsohon mai motar daga manhajar, ko har yanzu yana iya ganin inda take? Injin na kashe kansa bayan minti nawa? In an taka birki babu makulli, yana mutuwa? An ɓoye wani makulli a ciki? In mai sayarwa ya kasa amsawa, a yi cinikin motar kan ingancin inji da jiki, kada a ƙara ko dala saboda abin da ba a ga yana aiki ba.

Wanda kuma ya riga ya mallaka, ya kiyaye abu uku: kada ya tada mota a wuri rufaffe, kada ya tsara ta tashi da kanta ba tare da wani ya duba ba, kada ya faɗi lambar sirri a gaban jama'a. Neman sauƙi ba laifi ba ne, zafin bazara ba wasa ba. Sai dai rumfa, ko inuwar bedi, ko kwali a kan gilashi, na rage zafin mota ba tare da an biya kowa a ƙarshen wata ba. Allah ya tsare mana dukiya da rayuka, ya sa albarka a kasuwa.