U-9: Ƙaramin jirgin da ya nutsar da manyan jirage uku da safiya guda

A makon jiya ina koyar da darasin Yaƙin Duniya na Ɗaya, na gaya wa ɗalibaina cewa Duwala ta faɗa hannun Ingilishi da Faransawa ranar 27 ga Satumba 1914. Sai wani yaro daga bayan aji ya ɗaga hannu: "Malam, to ina jiragen ruwan Jamus suke a lokacin?" Na ce masa yawancinsu suna can gida, Ingila ta tare musu ƙofa. Amma kwana biyar kafin faɗuwar Duwala, wani ɗan mitsitsin jirginsu mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya yi abin da ya girgiza Landan. Lokaci ya ƙure mana a aji, shi ya sa na kawo labarin nan.

Sunan jirgin U-9. A Danzig aka ƙera shi, ya fara aiki a 1910. Tsawonsa mita 57 ne, mutanen cikinsa ba su wuce talatin ba. Da kananzir injinsa ke aiki, yana tuɗaɗa farin hayaƙi wanda ake hangowa daga nesa. Ka ji fa, jirgin da aka yi don ɓuya! Idan ya nutse sai ya koma kan batir. Manyan hafsoshi da yawa ba su ɗauki irinsa da muhimmanci ba.

Da asubar 22 ga Satumba, bayan guguwa ta lafa, kwamandansa Otto Weddigen ya fito da shi sama don cika batir, daura da gaɓar Holan. Sai ga manyan jiragen yaƙin Ingila uku: Aboukir, Hogue da Cressy, kowanne tan 12,000. Tsofaffi ne, suna tafiya a hankali a miƙe, ba sa kauce-kauce. Ƙananan jiragen da ke musu rakiya sun koma tasha saboda munin yanayi. Tun kafin ranar, sojojin ruwa da kansu suna yi wa wannan ayari ba'a cewa abincin ƙugiya ne.

Wajen ƙarfe 6:25 Weddigen ya harba tofido ɗaya, wato bam mai gudu cikin ruwa. Ya samu Aboukir. Kyaftin ɗin jirgin ya zaci nakiya ya taka, sai ya kira sauran biyun su matso. Hogue ya tsaya, ya sauke kwale-kwale don tsamo mutane. Tofido biyu suka same shi, ya nutse cikin kamar minti goma sha biyar. Cressy ma ya tsaya yana ceto. Shi ma aka harbe shi, kafin ƙarfe takwas ya kife.

Nan ne na fi daɗewa ina tunani. Waɗannan mutane ba tsoro ne ya kashe su ba, ba kuma sakaci kaɗai ba. Sun ga 'yan uwansu a ruwa, suka tsaya. Wa zai wuce? Mutum 1,459 suka mutu, aka ceto 837, wasu ta hannun jiragen Holan da masuntan Ingila. Da yawa sojojin ko-ta-kwana ne masu iyali, ga kuma yara 'yan makarantar horon soja. Ɗaya cikinsu, Wykeham-Musgrave, mai shekara 15, ya tsira daga Aboukir, ya hau Hogue aka harbe shi, ya yi iyo zuwa Cressy, nan ma haka, kuma ya rayu. Sa'an yaran ajina ke nan. Daga baya hukumar sojan ruwan Ingila ta ba da umarni: idan aka harbi babban jirgi, sauran manyan kada su tsaya, su bar ceton ga ƙanana. Umarni ne mai ɗaci, amma ban ga yadda za su yi ba.

A Jamus kuwa murna aka yi ta yi. Duk ma'aikatan jirgin sun samu lambar Kuros ɗin Ƙarfe, aka kuma yarda jirgin kansa ya ɗauki alamar a jikinsa. Ranar 15 ga Oktoba U-9 ya sake nutsar da Hawke, mutum fiye da 500 suka halaka.

Weddigen bai daɗe ba. An ba shi sabon jirgi, U-29, kuma ranar 18 ga Maris 1915 ƙaton jirgin yaƙin nan Dreadnought ya banke shi, ba wanda ya tsira. Shi ko U-9 ya yi aiki a Tekun Baltik, a 1916 aka mayar da shi na koyar da sababbin sojoji. An miƙa shi ga Ingila a Nuwamba 1918, aka farfasa shi a Morecambe a 1919.